Yadda Ake Kula da Katon Mutum-mutumin Jan Ƙarfe da ke Jikin Ginin Ofis: Misalin Ginin Portland

A birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, hukumar birni tana da ginin ofis mai hawa 15 wanda Michael Graves ya zana, aka buɗe shi a 1982. A saman ƙofar shigarsa, daidai hawa na uku, wata mace ce ta jan ƙarfe a durƙushe. Ta riƙe mashi mai baki uku da hannun hagu, ta miƙo na dama ƙasa wajen masu wucewa a titi. Sunanta Portlandia, aikin Raymond Kaskey, an kafa ta a watan Oktoba na 1985. A durƙushen nan tsayinta ya kusa mita 11, nauyinta kusan tan 6, kuma da za ta miƙe tsaye da ta kai wajen mita 15. A duk Amurka, mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York ne kaɗai ya fi ta girma cikin waɗanda aka yi da bugaggen jan ƙarfe.

Wannan bayani na wanda aka damƙa wa kula da gini irin wannan ne, ko injiniya, ko mai lura da kadarorin hukuma, ko ma'aikacin da zai hau sama da bokiti da buroshi. Abu guda ya kamata ya riƙe tun daga farko: bangon da mutum-mutumin aiki ɗaya ne, domin ruwan da ya sauka a kan ɗaya shi ne yake gangarawa kan ɗayan. Wanda ya raba su, ya ba kamfani ɗaya bango, ya ba wani daban mutum-mutumi, ba tare da sun zauna tare ba, zai riƙa biyan kuɗin gyara sau biyu.

Ginin da abin da ya same shi

Ginin Portland yana cikin manyan gine-gine na farko da aka yi da salon da ake kira fosmodan, wato salon da ya gaji da akwatunan gilashi marasa ado ya dawo da launi da kwalliya. Gindinsa tayil ne mai launin kore-shuɗi, jikinsa ruwan madara, sannan ga zanen manyan ginshiƙai masu launin jar ƙasa a fuskarsa. An gina shi da kusan dala miliyan 29, kuɗi kaɗan ga gini mai girmansa, kuma araha ba ta ado. Tagogin ƙanana ne, kimanin mita 1.2 kowane gefe, kuma a lokacin baƙin gilashi aka sa musu, shi ya sa ma'aikatan ciki suka daɗe suna kukan duhu. A ginin asali, bangon kankare ne da aka shafa wa fenti, aka manna tayil kai tsaye a jikinsa, aka toshe gefen tagogi da gam. Ke nan a lokacin katanga ɗaya ce tak tsakanin ruwan sama da teburin ma'aikaci, a garin da ake samun ruwa sama da milimita 900 a shekara, mafi yawansa yayyafi ne mai naci daga Oktoba zuwa Mayu.

Yoyo bai daɗe ba ya fara. An yi shekara talatin da 'yan kai ana faci, har aka kai ga maganar rushe ginin, duk da cewa an sa shi cikin rajistar gine-ginen tarihi ta ƙasa a 2011. A ƙarshe hukumar birni ta ware dala miliyan 195, aka yi babban gyara daga 2017 zuwa 2020. Kuɗin gyara ya ninka na gini fiye da sau shida, ko da yake darajar dala ta sauya a tsakani.

A fara da ido da takarda

Kafin a taɓa komai, a yi rajistar halin da mutum-mutumin yake ciki. Irin wannan aiki ba zubi ba ne. Faranti-faranti ne na jan ƙarfe da aka buga da guduma har suka ɗauki siffa, kamar yadda maƙeran Bida ke bugun tire daga baya zane ya fito ta gaba, sai aka harhaɗa su a kan ƙashin ƙarfe da ke ciki. Ita Portlandia a gunduwa-gunduwa aka ƙera ta a kusa da birnin Washington, aka kawo ta Portland a jirgin ƙasa, aka haɗa, sannan aka ɗauko ta a jirgin dako ta kogin Willamette. Duk abin da aka haɗa daga gunduwoyi yana da mahaɗai, kuma a mahaɗa matsala take farawa.

A zana taswirar jikin, a raba shi gida-gida, a ba kowane gida lamba. A ɗauki hoton kowane gida daga wuri ɗaya, da ma'auni a gefe, a ranar da babu rana mai ƙarfi, saboda ƙyallin ƙarfe yana ɓoye tsaga. Shekara mai zuwa a sake ɗauka daga wurin nan dai, domin sai an jera hotuna biyu ake gane abin da ya motsa.

Launi yana magana, sai a koyi karanta shi. Ruwan ƙasa mai duhu, sumul, lafiyayyar fatar jan ƙarfe ce, ita ake son tsarewa. Kore mai bin layi daga sama zuwa ƙasa hanyar ruwa ce, yana nuna inda kakin da ake shafa wa ƙarfen don kariya ya ƙare. Baƙin ɓawo a ƙarƙashin haɓa ko cikin ninkin tufa hayaƙin mota ne da ƙura da ruwan sama ba ya kaiwa ya wanke. Ɗigo-ɗigon kore mai haske, wanda in an taɓa da yatsa yake zubowa kamar gari, alamar gishiri ce tana cin ƙarfen, kuma wannan ba ya jiran baɗi. Mafi muni shi ne jan layin tsatsa da ke fitowa daga mahaɗa ko gefen ƙusa. Jan ƙarfe ba ya irin wannan tsatsa, don haka daga ƙashin ciki take fitowa.

Bin sawun ruwa

Ba a gane hanyar ruwa a ranar rani. A je wurin ana tsakar ruwa, ko a sa tiyo a sama a bar shi yana zuba a hankali na minti goma sha biyar, a tsaya a kalla. Ina ya taru? Ina ya ɗiga? A mutum-mutumin da ke durƙushe, wuraren kwanciyar ruwa su ne cinya, da ninkin tufa a kan gwiwa, da tafin hannu, da tsakanin gashi da wuya. Ta ciki kuma ruwan yana gangarawa zuwa ƙasan gwiwa, gwiwar hannu, da kan yatsun hannun da aka miƙo ƙasa.

Kowane irin wurin nan yana bukatar ƙaramar kafar fitar ruwa, mai faɗin milimita 6 zuwa 10, a daidai mafi ƙasƙancin wurin. A sa ragar jan ƙarfe a bakinta don kada ƙwari su shiga. A duk zuwa, a zura siririyar sandar roba a tabbatar ba ta toshe ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai gyara ya ga rami ya ɗauka lalacewa ce, ya cike shi da gam. Bayan damina ɗaya hannun ya zama tulu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma hannu mai girman wannan zai iya riƙe lita da yawa a can ƙarshen sanda mai tsawo, inda nauyi ya fi wahalar da kafaɗa. A gari mai sanyi ruwan yana daskarewa, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya buɗe mahaɗa.

Ko babu ɗigon ruwan sama da ya shiga, cikin yana yin gumi. Da dare fatar ƙarfe tana yin sanyi, damshin iskar ciki ya kwanta a bayanta kamar raɓa. Maganinsa kafar iska a ƙasa da wata a sama, a ɓoye cikin ninkin tufa ko gashi, don iska ta riƙa ratsawa.

Sai kuma inda ruwan yake zuwa bayan ya bar jikin. Ruwan da ya bi ta kan jan ƙarfe yana ɗauke da narkakken jan ƙarfe kaɗan. In ya ɗiga a kan kankare ko tayil mai haske sai ya rina shi kore, rinin da ke shiga ciki. In ya ɗiga a kan alminiyam ko kwano mai rufin zinki sai ya riƙa huda shi ƙanana-ƙanana, ko da ƙarafan biyu ba su taɓa juna ba. Wannan ya fi muhimmanci a Ginin Portland na yau, tunda a babban gyaran an sa wa bangonsa sabuwar riga ta alminiyam. A ƙarƙashin mutum-mutumin a shimfiɗa tiren tarar ruwa na jan ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai gangare aƙalla santimita 2 a kowace mita, da bututunsa na kansa na roba. Kada a haɗa shi da indararon zinki.

Wanki

Sau ɗaya a shekara ya wadatar a yawancin wurare, sau biyu in akwai tantabaru da yawa ko titi mai cunkoson motoci. A zaɓi lokacin da za a sami kwana uku zuwa huɗu a jere babu ruwa. A Portland wannan yana nufin Yuli zuwa farkon Satumba.

A tare hanyar masu tafiya a ƙasa, a shimfiɗa tamfol mai gefe da zai tara ruwan wanki. Ba a barin wannan ruwa ya bi kwata zuwa kogi, domin jan ƙarfe ko ɗan kaɗan ne guba ne ga kifi, yana lalata wa kifin salmon jin ƙanshin da yake bi ya koma mahaifarsa. Duk ƙarfen dandamalin hawa da ke kusa da jikin a naɗe shi da soso, kuma ba a taka fatar da ƙafa ko a jingina tsani a kanta. Faranti ne siriri, yana lotsawa, kuma fitar da lotsawar sai an shiga ta ciki.

Da farko a share ƙura a bushe da buroshi mai laushi da injin zuƙe ƙura. Kashin tsuntsu kada a kankare shi a bushe. A ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma na minti goma zuwa sha biyar, a ɗebe da cokalin katako ko na roba. Mai wannan aiki ya sa takunkumi mai tace ƙura da safar hannu, saboda busasshen kashin tantabara yana ɗauke da ƙwayoyin cutar huhu.

Sabulun da ake so shi ne wanda ba shi da tsami ba shi da kaifi, irin su Orvus da masu adana kayan tarihi ke amfani da shi. Mililita 5 zuwa 10 a lita ɗaya ta ruwa ya isa. A jiƙa jikin duka tukuna, a fara wanki daga sama, a riƙa watsa wa ƙasan ruwa don kada dattin da ke gangarowa ya bushe ya bar layi. Buroshin ya zama na gashin dabba ko na roba mai laushi, a naɗe ƙarfen wuyansa da salatif. A ɗauraye da tiyo mai ƙarfin ruwan famfo kawai, har sai kumfa ta daina fitowa daga mahaɗai. Injin wanke mota yana tura ruwa cikin mahaɗa, yana kuma ɓare kaki da fata a tare.

Akwai abubuwan da ba sa zuwa kusa ko kaɗan. Buroshin waya da soson ƙarfe suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jiki, bayan mako biyu wurin ya cika da ɗigon tsatsa. Bilic yana ɗauke da kulorin, wato ainihin gishirin da ke kawo koren garin nan. Amoniya tana narkar da jan ƙarfe. Lemun tsami da toka, da ake goge kwanon tagulla da su a gida, suna cire fatar ruwan ƙasa gaba ɗaya su bar jan fili mai ƙyalli, wanda zai yi dabbare-dabbare cikin wata guda. Feshin yashi kuwa ɓarna ce da ba ta da gyara, yana cin kaurin farantin, yana shafe sawun gudumar mai aikin, wanda shi ne rabin kyan abin.

In an ga koren garin gishiri, a cire shi da tsinken katako a wurin kaɗai, a wanke da tataccen ruwa sau da yawa, a bushe, a shafa sinadarin benzotirayazol, mai hana jan ƙarfe cinyewa, kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari a cikin sifirit. Wannan aikin ƙwararren mai adana ƙarfe ne, da safar hannu da takunkumi.

Kaki

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin kaki shi ne ke tsaye tsakanin ƙarfen da sararin sama. In aka bar jan ƙarfe haka nan, sannu a hankali zai rikiɗe ya zama kore kamar mutum-mutumin 'Yanci. Wannan ba cuta ba ce a kanta, amma ba ya zuwa bai ɗaya. Yana farawa da zirin kore da baƙi a fuska kamar sawun hawaye, ya ɓata siffar shekaru da yawa. Wanda yake son launin ruwan ƙasa ya tsaya, dole ya riƙa sabunta kaki.

Kakin zuma bai dace ba. Yana narkewa a kusan digiri 63 na ma'aunin Celsius, alhali ƙarfe mai duhu a tsakar rana yana iya kaiwa nan, sai ya yi danƙo ya kama ƙura. Wanda ake amfani da shi kakin man fetur ne mai suna maikurokiristalin, wanda nau'o'insa masu tauri ke narkewa a digiri 80 zuwa 90, a kan gauraya shi da ɗan kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya, don ya ƙara ƙarfi. Shafi siriri, mai kaurin kashi ɗaya cikin arba'in na milimita, yana cin giram 20 zuwa 25 a kowane murabba'in mita. Da wannan za a iya lissafa abin da za a saya, a ƙara rabi saboda abin da ke maƙalewa a buroshi da lunguna.

Sharaɗi na farko, jikin ya bushe ƙarƙaf. A ba shi aƙalla awa 24 bayan wanki, a bi mahaɗai da injin hura iska. Kakin da aka shafa a kan damshi yana yin fari-fari kamar hazo cikin 'yan makonni, kuma ruwan da ya rufe yana ci gaba da aikinsa a ƙasa.

Shafin farko da zafi ake yi. A ɗauki wuri kamar rabin murabba'in mita, a ɗumama shi da wutar gas ko injin hura zafi, hannu yana yawo ba tsayawa. A riƙa aunawa da ma'aunin zafi na nesa. Da ya kai digiri 85 zuwa 95, a janye wutar, a dangwala buroshi mai zagayen baki a kaki a murza. In zafin ya yi daidai za a ga kakin ya narke nan take ya bazu, ƙarfen ya yi duhu kamar an jiƙa shi. In ya yi hayaƙi, zafi ya yi yawa. In ya tsaya guda-guda, bai isa ba.

A nan bugaggen faranti ya bambanta da zubabbiyar tagulla mai kauri. Siririn jan ƙarfe yana ɗaukar zafi cikin daƙiƙoƙi, yana kumbura ya lanƙwashe in aka tsaya wuri ɗaya. Dalmar da aka like wasu mahaɗai da ita tana fara narkewa a digiri 183, kuma bakin wutar gas ya ninka haka sau da yawa. A bayan farantin ma akwai fenti da abin raba ƙarfe da ƙarfe da ba a gani. Saboda haka a nisanci mahaɗai da wuta da kamar tafin hannu, a bi su da kakin sanyi. In ma'aikacin bai taɓa yi ba, gara a haƙura da wutar baki ɗaya a yi shafin sanyi sau biyu a rana mai ɗumi. Ba zai daɗe kamar na zafi ba, amma ba zai lalata komai ba.

A bar shi ya kwana. Washegari a goge da buroshin takalmi mai tsabta, sannan da tsumman auduga, har ya yi sheƙi mai laushi. Gogewar ce ke matse kakin ya toshe ƙananan kafofi, ba don ado kaɗai ake yin ta ba. Sai shafi na biyu na sanyi, kaki mai laushi kamar man shafawa, siriri ƙwarai, a jira awa biyu zuwa uku, a sake gogewa. Yawan kaki ba ƙarin kariya ba ne. Mai kauri yana taruwa a lunguna, ya tsattsage, ya riƙe datti.

Gwajinsa mai sauƙi ne. A fesa ruwa a kafaɗa da saman kai, wuraren da rana da ruwa suka fi duka. In ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, kakin yana nan. In ya shimfiɗe ya jiƙa wurin, lokacin sabuntawa ya yi. Bayan shekaru da dama tsohon kaki yana taruwa ya yi duhu, sai a narkar da shi da sinadarin wayit sifirit a faro daga farko.

Ƙashin ciki

In jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suka haɗu, ga damshi a tsakani, sun zama batir. Baƙin ƙarfen ne ke cinyewa, kuma tsatsarsa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da yawa, sai ta tura farantin waje ta fizge ƙusoshi. Haka ya faru da mutum-mutumin 'Yanci, wanda aka buɗe a 1886. Fatarsa milimita 2.4 ce, an rataye ta a kan sandunan baƙin ƙarfe, aka sa zaren ma'adinin asbestos da aka jiƙa da shalak, wani irin ƙaro, a tsakani don ya raba su. Da shekaru suka ja, abin rabawar ya zama soso mai riƙe ruwa. A gyaran 1984 zuwa 1986 sai da aka sauya sanduna kusan 1,800 da ƙarfen da ba ya tsatsa nau'in 316L, aka sa tef ɗin roba mai santsi da ake kira Teflon a tsakani.

Don haka a shiga ciki, ko a zura kyamarar bututu ta ƙofar dubawa, aƙalla duk shekara biyu. A duba kowane wurin da fata ta haɗu da ƙashi: abin rabawar yana nan ko ya murƙushe? A ƙwanƙwasa sanduna da ƙaramar guduma, mai lafiya yana ƙara, mai ciwo yana amsawa a dushe. Inda aka ga ɓawon tsatsa a kankare shi a auna kaurin da ya rage, a kai wa injiniyan gini lambobin, shi zai ce a yi fenti ko a sauya.

Kada a ɗaure fatar tamau a jikin ƙashin. Jan ƙarfe mai tsawon mita 10, in zafi ya ƙaru da digiri 50 daga daren hunturu zuwa ranar bazara, yana miƙewa da milimita 8.5. Baƙin ƙarfe mai tsawon nan milimita 6 kawai yake yi. Wannan bambanci na milimita biyu da rabi dole ya sami wurin zuwa, shi ya sa ake yin maɗauri mai barin sanda ta zame a cikinsa. Mai walda da ya ga maɗaurin yana motsi ya like shi, ya yi gyaran gangar Abzinawa, tsaga za ta fito a gefen waldar. Haka nan in za a sa gam a wata mahaɗa, a shinshina shi tukuna. Silikon mai warin binega yana fitar da tsami yayin bushewa, yana cin jan ƙarfe. A nemi marar tsami.

Ƙafafun ƙashin, inda aka ɗaure su da kankaren gini, su ne wurin da ya fi kowane muhimmanci. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 55. A ce fuskar da iska ke duka murabba'in mita 40 ce, an haura tan 2 ke nan na turi daga gefe. Dogon abu kamar mashin nan kuma yana karkarwa a iska kullum, karkarwar da ke gajiyar da walda a gindinsa. A gwada waldar da jan ruwan gano tsaga, a gwada ɗaurin kowane noti da sifana mai ma'auni. Portland tana yankin girgizar ƙasa na Cascadia, wanda ya yi babbar girgiza a shekarar 1700, kuma ƙarfafa ginin saboda girgiza yana cikin aikin da aka yi a babban gyaran. Tan 6 a saman ƙofar da jama'a ke shiga ba abin da za a bar wa zato ba ne.

Bangon da ke bayansa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane noti da ya ratsa bango don riƙe mutum-mutumi tsaga ce da aka yi da gangan. Alamomin ruwa a bangon kankare su ne farin gishiri a layin tayil, tayil mai amsa ƙwanƙwasa kamar ganga, fenti mai kumbura, da kankaren da ya ɓalle ya bar rodi a waje. Don gano kafar, ana amfani da tiyo mai ƙarfin matsin ruwa 2 zuwa 2.4 a ma'aunin matsi na "bar", a riƙe bakinsa santimita 30 daga bango, a jiƙa mita ɗaya da rabi na mahaɗa tsawon minti biyar, wani yana ciki yana kallo da tocila. Daga ƙasa ake farawa a hau sama. In aka fara daga sama ruwan zai jiƙa ko'ina, ba za a san ta inda ya shiga ba.

Abin da aka yi wa Ginin Portland shi ne an daina dogaro da katanga ɗaya. An bar tsohon kankaren a wurinsa, aka sa masa shimfiɗar hana ruwa da abin tare sanyi, sannan aka rataya sabuwar fuska ta alminiyam da manyan tayil a gabansa, da launukan da Graves ya zaɓa. An maye gurbin baƙin gilashi da mai barin haske ya shiga. A irin wannan tsari ana barin sarari tsakanin riga ta waje da ta ciki, yawanci milimita 25 zuwa 50, don ruwan da ya tsallake ta farko ya gangara ya fita ta kafofin ƙasa. Masu kare gine-ginen tarihi da dama sun yi adawa, suna cewa an binne ginin asali an kafa kwafinsa. Ƙorafinsu yana da tushe, sai dai shekaru talatin na faci sun riga sun nuna cewa gam ba zai riƙe wannan bango ba.

A lokacin babban aiki irin wannan, ɗaga mutum-mutumi ya fi barinsa haɗari, kuma Portlandia a wurinta aka bar ta aka rufe. Rufin ya zama akwati mai ƙwari da zai tare abin da ya faɗo daga sama, da tazarar aƙalla rabin mita daga jikin, da kafofin iska. Ba a naɗe jan ƙarfe da leda kai tsaye, gumi zai taru ya bar tabo. A hana yankan ƙarfe da injin gurza a kusa, tartsatsinsa yana nutsewa cikin kaki ya yi tsatsa, ruwan siminti kuma yana ƙona fatar.

Kafin a sauya wani abu da ido ke gani, launi ne, ko matsayi, ko ƙara wayar korar tsuntsaye, a buɗe yarjejeniyar da aka yi da mai aikin. Kaskey ya riƙe haƙƙin mallakar siffar Portlandia, shi ya sa ba a buga ta a riguna da kofuna na sayarwa sai da izininsa, ko da yake kuɗin jama'a ne suka biya mafi yawan aikin. A cikin fayil ɗaya da yarjejeniyar a ajiye zanen ƙashin ciki, da taswirar gidajen nan masu lamba, da sunan kakin da aka shafa da ranar da aka shafa shi, da sakamakon gwajin noti na ƙarshe, a kuma ba mai kula da bango kwafi.